Sola a Sarandosa: "Namu na" ko "na gwamnati na"?

Aikina nazarin harshe ne, shi ya sa duk inda na sauka nakan fara sauraron yadda jama'a ke kiran abu kafin in dubi abin. A ziyarar da na kai Sarandosa ta ƙaramar hukumar Maiyama, bayan na ratsa Aliero da Jega, kalmomi biyu ne suka tsaya mini a rai.

A fadama na tarar da wani dattijo yana goge ƙurar hunturu daga faifan sola da gefen rawaninsa. Na ce, "Baba, injin wane ne?" Ya amsa da harshen Kabawa, "Namu na, Malam." A wani ƙauye kuwa na ga rijiyar burtsatse mai aiki da sola ta daɗe a mace, mata sun koma jan guga. Da na tambaya, sai aka ce, "Ta gwamnati ta."

Dalilin dattijon a fili yake. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 600 cikin wata biyu. Manomin rani, ko na albasar Aliero ko na shinkafa, ya ga ribarsa tana ƙonewa a cikin injin ban-ruwa. Injin sola ba ya shan mai, kuma da yake da rana ake ban-ruwa, ba ya bukatar batir, wanda shi ne ke fara mutuwa. Saboda haka manomi ke tattalinsa tamkar saniyar tatsa.

Ita kuwa rijiyar, ba a shawarci kowa ba kafin a haƙa ta. Ba a koya wa ko yaro ɗaya gyara ba, ba a kuma kafa asusun sayen kayan gyara ba. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa. To, wa zai kwana gadin abin da ba nasa ba?

Ba masana muka rasa ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tana da cibiyar binciken makamashi tun shekarun 1980, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006. Me zai hana su horar da matasan karkara da harshen Hausa?

Shawarata ga hukumomi ita ce, kafin a kafa faifai ɗaya a zauna da hakimi da limamai da mata masu ɗibar ruwa, a naɗa kwamiti, a yanke ɗan abin da kowane gida zai riƙa bayarwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar da mutanen ƙauyen nan suka ce "tamu ta", ranar ce rijiyarsu za ta sami mai gadi.