Ko Kun Sani?

Ƙararrawar motar da ke ihu duk sa'ad da tankar mai ta matatar SORAZ, wadda aka buɗe arewa da Damagaram a 2011, ta ratsa gari, ba lallai ta lalace ba. Kunnenta ne ya cika kaifi. Ɗan akwati ne ƙarƙashin sitiyari yake jin girgiza, kuma yawanci yana da ɗan maɓalli: a murɗa dama ya ƙara ji, hagu ya rage. Makanikai kan murɗa kaɗan, su kulle mota, su daki jikinta da tafin hannu. Taɓawa kaɗan, ta yi ɗan ƙara. Duka sosai, ta barke da kuka. Da damina, tsawa ma tana tayar da ita.