Kwamfuta uku da filashi ɗaya: yadda manhajojin kyauta ke riƙe matasa a ɗakin karatun Manshiya

Sabha ita ce babban birnin Fezzan, kuma nan ne zangon motocin da ke tasowa daga Agadas su bi ta Dirku da Gatrun kafin a nausa arewa. Yaron da ya tashi a Manshiya ko Gurda ko Mahdiyya yana ganin wannan kai-kawo tun yana rarrafe. Da ya kai shekara 14 ko 15 sai ka ji maganar leburanci, ko wankin mota, ko kuma wadda ta fi tayar wa iyaye hankali, wato hanyar teku. Wanda bai kai ga yanke shawara ba, waya ce a hannunsa, TikTok da PUBG har asuba.

Saboda irin waɗannan yara ne muka saka tsofaffin kwamfutoci uku a ɗan ɗakin karatun da nake kula da shi a unguwarmu, inda a da littattafan addini da na makaranta kaɗai ke kan kanta. Ƙa'idarmu ɗaya ce: manhaja ta zama kyauta, kuma ta yi aiki ko babu intanet. Duk mazaunin Sabha ya san dalili. Wuta na ɗaukewa, musamman da zafi, kuma data ba ta araha ga mai neman na abinci. Don haka sau ɗaya muke saukewa, mu zuba a filashi, mu raba wa sauran kwamfutocin.

Wadda ta fi jan yara ita ce Scratch, da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin 'yan shekara 8 zuwa 16. Yaro yana jera umarni ne kamar tubalan gini: wannan ya ce tafi taku 10, wannan ya ce juya, wannan ya ce maimaita. Ana iya mayar da ita Larabci, wanda shi ne harshen makarantar yawancin yaranmu. Aikin farko da nake ba su shi ne su zana raƙumi ya ratsa allo daga gefe zuwa gefe. Faɗin allon yana farawa daga -240 ya ƙare a 240, to ka ga yaron da lissafin ƙasa da sifili ya gagare shi a aji, a nan dole ya gane shi, don in bai gane ba raƙuminsa zai maƙale a bango abokai su yi masa dariya.

Ta biyu ita ce PhET, daga Jami'ar Colorado. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 2001, shi ya kafa ta a 2002. Ɗakin gwaji ne a kan allo: ka haɗa batir da waya da ƙwan fitila, in ka yi kuskure wuta ta tashi a hoto, ba wanda ya ƙone. A nan yara ke ganin cewa batir biyu masu bolt 12 in an jera su kai da wutsiya suna ba da 24, in kuma an haɗa su gefe da gefe suna nan a 12 amma sun fi daɗewa. A garin da kowa ke neman sola da batir saboda ɗaukewar wuta, wannan ilimi na iya zama sana'a.

Sai Kiwix, wadda Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka fara a 2007. Tana ɗauke Wikipedia ɗungurum ta ajiye a kwamfuta, a karanta ba intanet. Mun saka ta Larabci da ta Hausa. Ta Hausar ce ta fi ba ni sha'awa, domin da yawa daga yaran da aka haifa a nan suna jin Hausa a gida amma ba su taɓa karanta ta a rubuce ba. Nakan sa kowa ya nemo garin kakanninsa, wannan Damagaram, wannan Maraɗi, wancan Katsina, ya karanta wa sauran da ƙarfi. Daga nan muke koyon bambancin k da ƙ, d da ɗ, kuma su saka Hausa a madannin Gboard na wayoyinsu. Manyan cikinsu, ranar da intanet ta samu, nakan nuna musu Edraak, dandalin darussan Larabci kyauta da gidauniyar Sarauniya Rania ta Jodan ta buɗe a 2014.

Iyaye fa ba su karɓi abin hannu bibbiyu nan take ba. Wani dattijo ya tare ni bayan la'asar ya ce, "Malam, wai wasa kuka tara mana yara suna yi?" Na ce, "Baba, shigo ka gani da idonka." Ya zauna jikansa ya nuna masa yadda ya sa raƙumin tsayawa in ya iso rijiya. Da zai fita abin da ya ce kawai shi ne kada a bari su rasa sallar magariba. Wannan sharaɗi muna kai har yau. Fuskokin kwamfutocin duk suna kallon tsakar ɗaki, ba mai buɗe asusu da sunansa ko hotonsa, kuma 'yan mata suna da lokacinsu daban tare da wata malama, abin da ya sa iyaye mata suka saki jiki.

Ba na cewa kwamfuta uku za su hana yaro bin hanyar teku, ko su samar masa takardun da iyayensa ba su da su. Abin da na gani shi ne yaron da ya gina wani abu da kansa yakan dawo gobe don ya gyara shi, kuma awa biyun da ya yi a nan bai yi su a bakin titi ba.

Ga 'yan uwa da ke Murzuk da Ubari da sauran garuruwa, abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: tsohuwar kwamfuta mai batir da rai, filashi, da babba guda mai haƙuri da zai zauna da yaran. Wanda ke da kwamfutar da ƙura ta rufe a gida, ya kai ta makarantar allo ko Islamiyyar unguwarsu. Allah ya raya mana zuriya bisa alheri.