Akori-kura a Hannun Makanikai: Abin da Ake Samu da Abin da Ake Rasawa

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Katsina daura da Bacirawa a lokacin kaka, zai ga akori-kura suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, sun nufi kasuwar hatsi ta Dawanau ko kuma sun fito daga cikinta. Da wuya a ga guda ɗaya da take yadda masana'anta ta ƙera ta. Wannan an ɗaga mata baya har ta yi kamar za ta ci da baki, waccan an yi mata ragar ƙarfe da ta zarce kan direba, wata kuwa tun daga nesa ake jin kiɗanta kafin a hango ta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare yana da dalilinsa, kuma kowanne akwai abin da yake ci wa mai motar, ko ya sani ko bai sani ba.

Bacirawa tana cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo, arewa da birnin Kano, a yankin da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kai tun a shekarun 1960, lokacin yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello. Yanki ne na gonaki manne da juna, waɗanda ake nomawa kowace shekara ba hutu, saboda haka ba sa rayuwa sai da taki. A da, jakuna ne ke kai itace da amfanin gona birni, su komo da mangalolin taki. A yau gidaje sun cinye gonaki da yawa a Bacirawa, amma daga nan zuwa ƙauyukan da ke bayanta aikin yana nan, kuma mota ta karɓi kaso mai yawa daga cikinsa. Sunanta ma ya faɗi tarihinta: ita ce ta zo ta kori kura, wato amalanken da ake turawa da hannu.

Motar da ta fi amsa wannan suna ita ce Peugeot. Akori-kurar 404 ta fito a Faransa a 1967, ta 504 kuma a 1979. Kamfanin haɗa motocin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, shi ya sa samfurin 504 ya cika ƙasar nan, kayan gyaransa kuma suka wadata a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa. Daga baya Toyota Hilux da ƙananan motocin nan da ake kira 'yar ƙurƙura suka shigo. Sai dai injiniyoyin da suka zana su ba su yi lissafin burtali mai turɓaya da lodin ranar kasuwa ba. Wannan giɓi shi ne makanikai da masu walda suke cikewa.

Ƙarin sifirin

Gyaran farko da mai akori-kura yake yi shi ne ƙara sifirin na baya. Sifirin ɗin falle-falle ne na ƙarfe da aka jera wani kan wani aka ɗaure. A 1678 wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, ya bayyana cewa lanƙwasar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka aza masa: in aka ninka nauyi, lanƙwasa ta ninku. Ƙara falle biyu ko uku yana sa sifirin ya yi tauri, don haka motar da a da take durƙusawa da buhu 12, yanzu sai ta ɗauki 25 tana tsaye ƙyam. A ido, mota ta ƙara ƙarfi.

Amma sifirin kaɗai aka ƙara. Birki yana nan yadda yake, haka tayoyi, haka sandar da ke riƙe da ƙafafun baya. An ƙera akori-kurar 504 ne don ta ɗauki tan ɗaya da 'yan kai. A ƙaddara nauyin motar ita kaɗai kilo 1,300 ne. Da buhu 11 masu kilo ɗari-ɗari, jimla ta zama 2,400. Da buhu 25 kuwa, 3,800. Aikin birki shi ne ya mai da ƙarfin tafiyar mota ya zama zafi, wannan ƙarfi kuma yana ƙaruwa daidai da nauyi. Ke nan a gudu iri ɗaya, an ƙara wa birkin aikin da ya haura rabin na da. Idan iyakar ƙarfin birkin ke nan, motar da ke tsayawa a mita 40 sai ta kai mita 63. A cikin wannan rata ta mita 23 ne akuya, ko ɗan makaranta a kan keke, yake tsallaka titi. Gudu ya fi nauyi ma illa, domin ninka shi sau biyu yana ninka aikin birki sau huɗu.

A da, durƙusawar mota ita ce ke gaya wa direba lodi ya isa. Ƙarin sifirin ya rufe mata baki.

Cibiyar nauyi

Kowane abu yana da wani gurbi da za a iya cewa nan ne duk nauyinsa ya tattaru. Shi ake kira cibiyar nauyi. Muddin layin da ya sauko daga wannan cibiya zuwa ƙasa yana faɗawa tsakanin tayoyin dama da na hagu, mota tana nan a kan ƙafafunta. Da zarar ya fita waje, ta kife.

Akwai lissafi mai sauƙi da injiniyoyi ke amfani da shi: a raba faɗin da ke tsakanin tayoyin dama da na hagu da ninkin tsayin cibiyar nauyi. Alal misali, in faɗin mita 1.5 ne, cibiyar kuma tana santimita 60 daga ƙasa, amsar ita ce 1.25; a lissafi, sai an karkata irin wannan mota digiri 51 kafin ta faɗi. In aka ɗaga bodi, aka yi raga, aka jibga kaya har cibiyar ta hau mita ɗaya, amsar ta koma 0.75, digirin kuma ya sauko 37. A zahiri ma ba ya kai haka, saboda sifirin da taya suna lotsawa ta ɓangaren da mota ta karkata, kaya kuma suna gocewa. Bambancin ya fi fitowa a kwana. Mota mai ƙasa-ƙasa in ta shiga kwana da gudu, yawanci tayoyinta ne ke fara zamewa, direba ya ji, ya sassauta. Mai tudun kaya ba ta ba da wannan gargaɗi. Ƙafafun ɓangare guda ne kawai ke tashi. Abin takaici shi ne a kan wannan tudu ne fasinjojin ranar kasuwa suke zama, kowane mutum da ya hau kuma yana ƙara ɗaga cibiyar.

Ba laifin ragar ba ne ita kanta. Kara da harawa da buhunan ƙaiƙayi suna da cika ido amma ba su da nauyi, raga kuwa don su ta dace. Matsalar tana zuwa ne in aka cika ta da hatsi ko siminti har sama. Tsofaffin 'yan lodi sun san ƙa'idar ba tare da sun shiga aji ba: mai nauyi a ƙasa, a matso da shi kusa da kan mota, marar nauyi a bisa.

Taya, rairayi da taɓo

Ƙasar arewacin Kano jigawa ce. Da rani burtali ya zama turɓaya, da damina kuma, musamman a Agusta, kwari ya cika da taɓo. Masu shiga ƙauye sukan sa manyan tayoyi don cikin mota ya daina dukan ƙasa. A nan sun yi daidai, domin ƙarin sifirin yana ɗaga bodi ne kawai, ba ya ɗaga tulun giyar nan da ke tsakiyar ƙafafun baya, wanda shi ne ya fi kusa da ƙasa. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma da rabin abin da aka ƙara: in aka cire taya mai tsayin santimita 65 aka sa mai 72, tulun ya tashi da santimita 3.5 kacal. Ladan ke nan. Kuɗin da ake biya kuwa, kowane juyi na taya yanzu ya fi na da tsawo da wajen kashi 11 cikin ɗari, alhali maleji juyi yake ƙirgawa. Yana nuna 80, mota tana gudun kusan 89. Ƙarfin jan mota da na birki kuma sun ragu da kimanin kashi 10, kuloci ne ke shan wahalar tashi da kaya.

Dabarar da ta fi wannan arha a cikin rairayi ita ce rage iska. Faɗin wurin da taya ke taka ƙasa yana daidai da nauyin da ke kanta a raba da matsin iskar cikinta. Taya mai ɗauke da kilo 500, wadda gejin mai faci ya nuna 36, tana taka wurin da bai wuce murabba'in santimita 200 ba, kamar tafin hannun babban mutum. A sauke iskar zuwa 18, wurin ya kusa ninkuwa, taya ta daina nutsewa. Hikimar da ke cikin faffaɗan tafin raƙumi ke nan. Sai dai wajibi ne a mayar da iskar da zarar an hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska tana yawan lanƙwasa, ta yi zafi, ta fashe.

Shi wannan tulun giya yana barin ƙafar waje ta fi ta ciki juyawa a kwana, abin da mota ba ta iya yi sai da shi. Aibinsa shi ne yana raba ƙarfi daidai wa daida, don haka in ƙafa ɗaya ta faɗa taɓo tana wulwulawa, ɗayar da ke kan tsandauri ba ta samun ƙarfin da ya wuce na 'yar'uwarta. Shi ya sa akori-kura marar kaya ta fi mai kaya saurin kafewa, shi ya sa kuma yaran mota ke hawa baya su yi ta tsalle. Maganin gaskiya shi ne mota mai ja da ƙafa huɗu. A farkon shekarun 1980 kamfanin Dangel na Faransa ya riƙa mai da 504 irin wannan, amma aiki ne na masana'anta, ba na walda a gindin bishiya ba.

Ado

Fenti da zanen furanni da rubutun hikima a bayan mota ba su cutar da kowa, farin fenti ma yana rage zafin rana a ɗakin direba, kyallayen da ke walƙiya da dare kuwa sun ceci rayuka a hanyoyin da ba fitila. Abin dubawa shi ne ƙarfen da ake girkawa a gaban mota. Yana kare lagireto daga karon dabba, amma in mutum aka buge, ƙarfen ba ya lotsawa kamar gwangwanin bodi, duk ƙarfin karon a jikinsa yake ƙarewa. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta kafa doka a kansa a 2005. Baƙin gilashi kuma, tun 1991 dokar Nijeriya ta hana shi sai da izini.

Sauti

Daga kaset zuwa faifan CD, zuwa ɗan katin waya na yau, direban akori-kura bai taɓa rabuwa da kiɗa ko karatu ba. Masu tallar magani da 'yan siyasa kuwa motar tasu gaba ɗaya lasifika ce. Wutar duk daga wuri ɗaya take fitowa. Batirin mota bolt 12 ne, don haka amfilifaya mai wat 240 tana jan aƙalla amfiya 20. Manyan fitilu biyu suna jan wajen 10, ga na'urar kunna inji da sauran fitilu, alhali abin da ke cajin batir a tsofaffin motoci bai cika wuce amfiya 40 ko 50 ba, wannan ma sai inji yana gudu sosai. Abin da ya gaza daga batir ake cirowa, shi ya sa fitila ke lumshewa duk lokacin da ganga ta buga. Haɗarin da ya fi wannan shi ne siririyar waya da aka ja daga batir ba tare da fis ba. Zafin da waya ke yi yana ninkuwa huɗu in wutar ta ninku biyu. In kuma robarta ta goge ta taɓa bodi, a motar da ke ɗauke da kara, sai gobara. Gurbin fis yana dab da batir.

Yawan wat ba shi ne daɗin sauti ba. Ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninku, sai an ninka ƙarfin wajen sau goma. Akwati mai kyau ya fi amfani. Lasifika tana tura iska ta gaba tana janta ta baya a lokaci guda, in ba a raba su da akwatin katako marar ɓula ba, sai su kashe juna, kaurin sautin ya ɓace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa desibel 85 bai kamata ya wuce awa takwas a yini ba, desibel 100 kuwa minti 15. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne ba sa sake tsirowa in sun mutu.

Gwaji a aji

Malamin kimiyya zai iya nuna batun cibiyar nauyi da kwalin sabulu, da rabin bulo, da falankin katako. A kafa siririn katako a kan falankin don kada kwalin ya zame. A ɗaure bulon a gindin kwalin, a riƙa ɗaga gefe ɗaya na falankin a hankali har kwalin ya kife, ɗalibai su auna digirin. Sannan a cusa tsummoki a ƙasa, a mai da bulon sama, a sake gwadawa. Nauyin kusan ɗaya ne, faɗin gindin ma bai canza ba. Ɗalibai su auna faɗin kwalin da tsayin tsakiyar bulon daga falanki a kowane gwaji, su yi lissafin da aka kawo a baya, su gwada amsarsu da abin da ma'aunin digiri ya nuna.