Yadda tattakin minti 30 ke rage tumbi da hawan jini bayan shekara 50

Akasarin 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a biranenmu a zaune suke wuni. Mutum zai fito daga gida ya shiga mota ko Adaidaita Sahu, ya sauka a ƙofar shago ko ofis, ya hau kujera. Abinci aika yaro ake yi ya kawo, kaya yaron shago ke ɗaukowa, fayil kuma masinja ke kaiwa. A shekarun ƙuruciya jiki yana shanye wannan zama, amma da zarar an haura shekara 45 zuwa 50 sai tumbi ya fara turo riga, gwiwa ta fara ciwo, a je asibiti da ciwon kai a dawo da labarin hawan jini ko ciwon suga.

A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wato kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon yadda ake buƙata. Abin da hukumar ke shawartar babban mutum shi ne minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Mafi ƙaranci a nan shi ne minti 30 a rana, kwana biyar a mako, kuma tafiya a ƙasa da ɗan hanzari ta wadatar.

Darasi daga direbobin Landan

An daɗe da gano illar yawan zama. A 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya wallafa binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin safa masu hawa biyu na birnin Landan. Direba da kwandasta mota ɗaya suke wuni a ciki, amma direba a zaune yake, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Ya gano cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Da ya duba ma'aikatan gidan waya, sai ya tarar da irin wannan bambanci tsakanin masu yawon raba wasiƙu da masu zama a kan tebur. Duk mai shago a Kantin Kwari ko kasuwar Wuse zai iya kwatanta wannan da abin da ke tsakaninsa da yaron shagonsa.

Abin da tafiya ke yi a cikin jiki

Tsokar cinya da ta ƙwauri na cikin manyan tsokokin jiki, kuma idan suna aiki sukan zuƙe suga daga jini domin su samu ƙarfi. Wannan ke rage wa sinadarin insulin nauyi, shi ya sa tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci take hana suga yin sama sosai. Jijiyoyin jini ma sukan ƙara laushi, kuma bincike ya nuna cewa tafiya a kai a kai tana rage lambar sama ta awon hawan jini da kimanin maki huɗu. Ragin na da ɗan kaɗan a ido, amma yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Akwai kuma batun shekaru. Daga shekara 30 mutum yakan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a duk shekara goma, kuma abin yana ƙara sauri bayan shekara 60. Idan tsoka ta ragu, abincin da jiki ke ƙonawa ma sai ya ragu. Kwanon tuwon da mutum yake cinyewa yana ɗan shekara 30 ba tare da ya ga canji ba, shi ne ke komawa tumbi yana ɗan shekara 55. Kitsen tumbi kuwa ya fi na sauran jiki haɗari, domin yana taruwa ne a kewayen hanta da hanji.

Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya bi diddigin mutum 3,234 da sugansu ya fara hawa amma bai kai ga ciwo ba. Waɗanda aka ɗora a kan tsarin motsa jiki na minti 150 a mako, galibi tafiya, tare da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58. Waɗanda aka ba ƙwayar metfomin ragin kashi 31 suka samu. A tsakanin 'yan shekara 60 zuwa sama, ragin da gyaran rayuwa ya kawo ya kai kashi 71, ma'ana dattawa ne suka fi kowa cin moriya.

Lissafin da ke sa mutane karaya

Da yawa sukan fara tattaki da zumuɗi, bayan mako uku su hau sikeli su ga nauyi na nan, sai su watsar. Lissafi ne ba su yi ba tun farko. Mai nauyin kilo 80 da ya yi tafiyar minti 30 da hanzari yakan ƙona kimanin kalori 150, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa. Kilo ɗaya na kitse kuwa yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Ke nan idan abinci bai canza ba, sai an yi tafiyar kusan kwana 50 kafin kilo ɗaya ya tafi. Ƙaramar kwalbar lemo guda tana ɗauke da kusan kalori 150, babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kuma kimanin 120. Wanda ya dawo daga tattaki ya kora da lemo mai sanyi ya mayar da abin da ya ƙona.

Saboda haka tafiya tana gyara suga, jini da barci tun kafin sikeli ya motsa, amma rage nauyi sai an haɗa da gyaran kwano. A rage malmalar tuwo da tulin shinkafa, a ƙara wake da ganye irin su zogale, alayyafo da rama, a rage sukarin shayi da na fura, a daina cin abinci mai nauyi dab da kwanciya. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne ragin da likitoci ke ganin ba shi da haɗari. Kuma ba sai mutum ya koma jikinsa na samartaka ba: rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 4.5 zuwa 9 ga mai kilo 90, ya isa ya nuna a awon jini da na suga. Gwiwa ma tana samun sauƙi, domin duk kilo ɗaya da aka rage yana sauke mata nauyin kimanin kilo huɗu a kowane taku.

Awon ƙugu ya fi sikeli faɗin gaskiya game da tumbi. Ƙa'idar ita ce kada kewayen ciki ya kai rabin tsawon mutum. Mai tsawon santimita 170 ya kamata cikinsa ya kasance ƙasa da 85. Wanda ba shi da tef ɗin tela zai iya yanko igiya daidai tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa daidai saman cibiya. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, akwai aiki a gaba.

Shin dole sai taku 10,000?

Wannan adadi da wayoyin hannu ke nunawa ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku da wani kamfanin Japan ya fitar a 1965. A 2019 masu bincike na Jami'ar Harvard sun wallafa nazarin da suka yi a kan mata fiye da 16,000 masu matsakaicin shekaru 72. Masu yin taku kimanin 4,400 a rana an samu ƙarancin mace-mace a cikinsu idan aka kwatanta da masu yin 2,700, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen taku 7,500. Don haka wanda bai kai 10,000 ba kada ya ɗauka wahalar banza yake yi.

Yadda za a fara

Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10 a rana, ya riƙa ƙara minti biyar duk mako. Hanzarin da ake so shi ne wanda mutum zai iya magana da abokin tafiyarsa amma numfashinsa ya ɗan ɗaga. Ana iya raba minti 30 ɗin gida uku, safe, rana da dare.

Lokaci mafi dacewa shi ne bayan asuba ko dab da faɗuwar rana, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Kano. A lokacin hunturu masu asma su sa takunkumi saboda ƙura, a watan azumi kuma a bari sai bayan buɗa baki. A sa takalmi mai rufi da laushin ƙasa maimakon silifas, a bi gefen hagu na titi ana fuskantar motoci masu tahowa, a sa tufa mai haske idan da duhu. Matan da ba su cika fita ba za su iya zagaya tsakar gida, ko su haɗu da maƙwabta su fita tare. Ɗan kasuwa ya ajiye mota nesa da layinsa, ma'aikaci ya kai fayil da ƙafarsa.

Mai ciwon zuciya, ko wanda jininsa ke hawa sosai, ya tuntuɓi likita kafin ya fara. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan magani ya riƙe dabino ko alewa a aljihu saboda faɗuwar suga, ya kuma riƙa duba tafin ƙafarsa bayan ya dawo. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi ya tsaya nan take ya nemi asibiti. Kada kowa ya ajiye maganinsa don ya fara tattaki. Likita ne zai rage idan awo ya nuna sauƙi.

Babban cikas a nan kunya ce. A al'adarmu har yanzu wasu na kallon tumbi a matsayin alamar wadata, kuma idan aka ga Alhaji ko darakta a ƙasa sai a fara tsayawa ana cewa ya shigo a rage masa hanya, wasu ma su ɗauka karayar arziki ce. Mako biyu ya isa unguwa ta saba. Wanda ya kwatanta wannan 'yar kunya da kuɗin maganin hawan jini na kowane wata, da halin da iyali ke shiga idan maigida ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, zai ga wanda ya fi sauƙi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, kuma minti 10 na gobe da safe sun isa mafari.