Yadda Jiki Ke Ƙona Kitse Lokacin Azumi

Idan abinci ya yanke, jiki yakan fara da gilaikojin, wato sukarin da hanta ke adanawa, wanda bai wuce kimanin giram 100 ba, kuma yakan kusa ƙarewa cikin awa 24. Yayin da insulin, sinadarin da ke sa jiki ajiyar abinci, yake raguwa a jini, sai kitse ya fara narkewa, tsoka ta riƙa ƙona shi, hanta kuma ta sarrafa wani kaso ya zama makamashin ƙwaƙwalwa. Mafi yawan kitsen da ya ƙone ta numfashi yake fita, ba ta gumi ba, saɓanin abin da mutane da yawa suka ɗauka. Nauyin da ke zubewa a kwanakin farko kuwa, akasarinsa ruwa ne.