Lasisin Windows: Wanda Ke Bin Mai Shi da Wanda Ke Bin Kwamfuta

Lasisin Windows izini ne na aiki da manhajar a kan kwamfuta guda, kuma nau'insa ne ke nuna ko zai ƙaura zuwa sabuwar na'ura. Wannan ya shafi masu shagunan buga takardu da rajistar jarrabawa a Kankia da Kusada, musamman waɗanda kwamfutocinsu na hannu ne.

Irin waɗannan kwamfutoci sukan zo da lasisin OEM, wanda kamfani kamar HP ko Dell ya saka tun daga masana'anta. Tun fitowar Windows 8 a 2012 ake adana mabuɗinsa cikin babban allon na'urar, ba a manna shi a ƙasanta kamar dā. Ba ya ƙaura. Sauya rumbun ajiya ba ya taɓa shi, amma in allon ya ƙone aka sa wani daban, yawanci ya tafi ke nan.

Lasisin da aka saya shi kaɗai, mai haruffa da lambobi 25, shi ke bin mai shi, muddin an cire shi daga tsohuwar kwamfutar. Abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa shi da asusun Microsoft tun tsohuwar na da rai. Sai a shiga asusun a sabuwar, a nuna an sauya na'ura.

Maganar ta ƙara nauyi tun 14 ga Oktoban 2025, ranar da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, alhali tsofaffin kwamfutoci da dama ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba.