Ƙudan da ke huda rumfunanmu shi ke ƙulla mana tumatir da kankana

Duk ƴar kasuwar da ke da rumfa a unguwar Bobiel da ke arewacin birnin Yamai ta san wani baƙin ƙwaro mai ƙugi, wanda ke huda azara da katako yana zubo garin itace a kan kaya. Da yawanmu da mun gan shi sai mu nemo fiya-fiya, ko mu toshe ramin da tsumma. To, wannan ƙwaro ɗan'uwan ƙudan zuma ne, kuma yana da hannu a cinikin da muke yi kullum.

Masana sun ƙididdige nau'in ƙudan zuma fiye da 20,000 a duniya, kuma mafi yawansu ba sa zama a amya, ba su da sarauniya, ba sa tara zuma. Kowace mace ita kaɗai take gina ɗakinta. Akasarinsu suna haƙa rami a ƙasa, wasu su shiga busasshen kara, wasu kuma su huda mataccen itace. A manyan dazuzzuka suna samun kututture birjik, amma a gari irin Yamai, inda gini ke ta cinye fili har cikin shingen itatuwan da aka fara dasawa a 1965, sai su koma wa katakon da muke sayowa a Kasuwar Katako.

Abin lura shi ne ba cin itacen suke yi ba. Uwar takan haƙa dogon rami, ta raba shi ɗaki-ɗaki da garin itacen. A kowane ɗaki sai ta dunƙula garin fure da ruwan zaƙinsa kamar ƙwallon fura, ta saka ƙwai ɗaya a kai, ta rufe. Wannan dunƙulen shi ne abincin tsutsar har ta yi fiffike. Domin ta tara shi, dole ta yi ta zirga-zirga daga fure zuwa fure, kuma a nan ne take kai garin wani fure kan wani, shuka ta yi ƴaƴa.

Ku dubi kankana da kabewa. Furen namiji daban yake da na mace, don haka in ƙwaro bai haɗa su ba, ɗan sai ya kaɗe tun yana ƙarami. In kuma garin da ya isa bai wadatar ba, sai kankana ta fito a karkace, irin wadda mai saye ke juyawa ya ajiye. Shi kuwa furen tumatir da na yalo sai an girgiza su suke sakin garinsu sosai. Ƙudan amya bai iya wannan ba, amma mai huda katako yakan kama furen ya karkaɗa shi da ƙuginsa.

Wani bincike da aka yi a maƙwabciyarmu Burkina Faso, aka buga a 2017, ya nuna cewa da aka hana ƙudan zuma isa ga furanni, amfanin riɗi ya ragu da kashi 59 cikin ɗari, na auduga kuma da kashi 37. Mu da ke awo da tiya mun san abin da raguwar kaya take yi wa farashi, da yadda mai saye ke ɗora mana laifin tsada.

Saboda haka muna kira ga ƴan'uwa mata da maza ƴan kasuwa da su rage saurin feshi. Namijin da ke shawagi a bakin rami ba ya harbi, macen ma sai an matse ta. Wadda ke tsoron rumfarta ta lalace ta shafa wa katakon fenti, domin sun fi son wanda ba a shafa ba, sannan ta jingine musu wani tsohon gungume a bayan gida.

Haka kuma mu riƙa faɗa wa masu lambun bakin kogin Kwara da na kwarin Gunti Yena, waɗanda ke kawo mana kaya, cewa in feshi ya zama dole su yi shi da yamma liƙis, su kauce wa safiya lokacin da fure ke buɗe. Su ne ke noma, amma mu ne ke tsaye gaban mai saye. Allah ya ba da kasuwa.